Kayan Lefe, Kafur da Baƙuwar Kawu: Kwana Uku a Jos

Kayan lefe ne suka kai ni Jos, ba tauraruwa ba. Ɗan kawuna zai yi aure, ni kuwa tunda Allah Ya sa shagona yana Kantin Kwari, duk bikin da ya tashi a dangi a kaina zancen atamfa da leshi da shadda yake ƙarewa. Tsakiyar Oktoban 2024 na haɗa akwati shida, na yi sammako zuwa tashar Unguwa Uku, aka ɗaure su da igiya a bayan wata Sharon har but ya ƙi rufuwa. Direba ya rantse mini ko allura ba za ta faɗi ba. Duk da haka, duk ramin da muka faɗa sai na waiga.

Hanyar Kwanar Ɗangora muka bi, muka wuce Tudun Wada. Muna shiga dajin Falgore musun siyasar da ya cika motar ya mutu murus, kowa ya koma salati a zuci, direba ya take mota. Sai a Saminaka baki ya buɗe. Kaka ce, masara ko'ina, an shanya ta har bakin kwalta. Daga Jengre ƙasa ta fara tashi, duwatsu suna hawa kan juna kamar da hannu aka jera su, iskar da ke shigowa ta taga ta sauya. Na baro Kano ina gumi, na shiga Jos ina da-na-sanin rigar sanyin da na bari a rataye. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma fatar jikinka ce za ta fara gaya maka.

Kawu tsohon malamin fiziks ne, ya yi shekara talatin da ɗoriya yana koyarwa a sakandare kafin ya ajiye alli. Mata suka yi caa a kan akwatuna, ana ɗaga zani ana guɗa. Shi ko kallon inda suke bai yi ba, ya ja hannuna gefe.

"Ɗan Kwari, ka zo a kan gaɓa. Muna da baƙuwa a sama."

"Wace baƙuwa kuma, Kawu?"

"Tauraruwa mai wutsiya. Shekaranjiya ta fi matsowa kusa da mu, kilomita miliyan 70 ne tsakani. Ana idar da magariba za mu hau dutse."

Ya faɗi sunanta, Tsuchinshan-ATLAS, wai a ƙasar Sin aka fara hango ta a Janairun 2023, wata na'ura a Afirka ta Kudu ta sake ganinta a Fabrairu, shi ne aka haɗa mata suna biyu. Harshena ya ƙi juyawa. Har na bar Jos baƙuwar Kawu nake ce mata.

Daren farko ba mu hau ko'ina ba. Tun la'asar hadari ya haɗo daga gabas, kafin magariba ruwa ya ɓarke, irin na bankwanan damina mai iska da tsawa. Aka ɗauke wuta. Muka zauna a falo da fitilar caji, Inna matar Kawu ta kawo gwate mai zafi, ya ji yakuwa da gyaɗa. Ita ce ta tayar da zancen.

"Mu dai da muna yara, in abin nan ya fito cewa ake wani babban sarki zai faɗi, ko a yi fari."

Kawu ya ajiye cokali. Ya tuna mata ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu, rana ta yi husufi, mutane suka ce saboda rasuwar ce, Annabi ya gyara musu cewa rana da wata ba sa husufi don mutuwar kowa ko rayuwarsa. "To in rana da wata ba ruwansu da mutuwar kowa, ina ga dunƙulen ƙanƙara?"

Na ce ƙanƙara kamar yaya? Abin da ake nunawa a hoto kamar bakin wuta?

Ya ce ai ba wuta a jikinta. Dunƙule ne na ƙanƙara iri-iri da ƙura da tsakuwa, galibi faɗinsa 'yan kilomitoci, kuma wani masani Ba'amurke, Fred Whipple, ya faɗi haka tun 1950 kafin kowa ya ga dunƙulen da ido. A can nesa inda ba ɗumin rana, shiru take, ba wutsiya ba komai. In ta matso sai ƙanƙarar ta fara tashi. Ba narkewa take ta zama ruwa ba, don babu iskar da za ta danne ta a can. Daga sandararre sai tururi kai tsaye.

"Kai da kake harkar tufafi, in ka jefa kafur a akwati, bayan wata uku ina yake?"

"Ya ƙare."

"Ya jiƙa zanin?"

Na yi shiru. Ya ce to haka take. Tururin yana fita yana kwaso ƙura, hasken rana da iskar da ke fitowa daga rana su tura su baya, shi ne wutsiyar. Shi ya sa kullum wutsiya tana juya wa rana baya, ko tauraruwar tana zuwa ko tana komawa.

Nan fa halina na kasuwa ya motsa. Ni ko rantsuwa aka yi mini cewa shadda Getzner ce, sai na murza ta tsakanin yatsu na ɗaga ta a rana. Gani ya kori ji, taɓawa kuma ta kori gani. Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, amma wa ya je ya gutsuro ƙanƙarar ya kawo aka gwada? Kuma kun ce ba iri ɗaya ba ce. Wa ya ɗanɗana?"

Ya ce ƙura dai an kawo, wani kumbon Amurka ya ɗebo ta daga wata tauraruwar ya jefo ta duniya a 2006. Ƙanƙara kuwa har yau ba wanda ya kawo ko ƙwaya. Sai ya kira jikarsa, 'yar shekara tara mai idon tsiya, ya ce ta miƙo rimot ɗin talabijin. Ya saita kansa a fuskata ya danna.

"Me ka gani?"

"Ba komai."

"Buɗe kyamarar wayarka."

Kyamarar baya ba ta nuna komai ba, har na fara murmushin mugunta. Ya ce in juya ta gaba, ta ɗaukar kai. Ya sake dannawa. Sai ga ɗan ƙwan da ke bakin rimot yana walƙiya a fuskar wayar, fari-fari mai ratsin shuɗi da ja, ƙyaf-ƙyaf-ƙyaf. Na ɗaga ido na kalli rimot ɗin kansa: duhu. Na mayar kan waya: wuta. Na yi haka ya fi sau biyar, yarinyar tana ta ƙyalƙyala mini dariya. Shekara nawa ina danna rimot, ban taɓa tambayar da me yake magana da talabijin ba.

Wannan, in ji Kawu, shi ne hasken bayan ja, wanda Turawa ke kira infirared. A 1800 wani masani a Ingila, William Herschel, ya ratsa hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku, ya baje launuka irin na bakan gizo, ya jera ma'aunin zafi a kan kowane launi. Ya ajiye ɗaya a gefen ja, inda ido ba ya ganin komai, sai ga shi nan ne zafi ya fi hawa. Ashe bakan gizo bai ƙare a inda idonmu ya ƙare ba.

Ya jawo katin gayyatar biki guda daga kan tebur, ya juya bayansa, ya ja layi da biro. Inna ta ce, "Malam, ƙirgaggu ne fa!" Bai ji ba. Ya ce ana auna haske da maikiron, wato ka raba milimita ɗaya gida dubu. Silin gashin kai ma ya kai hamsin zuwa ɗari. Idon ɗan Adam daga 0.4 zuwa 0.7 kawai yake gani, ya nuna ɗan gurbin da bai kai faɗin farce ba a farkon layin. Duk sauran katin na bayan ja ne. Kowace irin ƙwayar iska kuma, in hasken rana ya doke ta, tana kaɗawa da irin nata kiɗan, ta fitar da haske a gurbinta ita kaɗai, yadda ko a duhu kake rarrabe kalangu da kotso da tambari. Ya zana tsini a 2.7, ya rubuta ruwa. Wani a 4.3: kabon dayoksaid, iskar da ke tashi in ka buɗe lemon kwalba. Wani a 4.7: kabon monoksaid, gubar hayaƙin janareto da ke kashe mutane a ɗaki rufe. Tsakanin 3 da 3.6 ya yi cunkoson ƙananan tsinaye, ya ce nan su metan da etan suke, dangin gas ɗin girki, da metanol, da irin gubar da ke cikin ɗanyen rogo mai ɗaci. Ƙanƙarar da ba ta tashi ba kuwa haɗiye haske take yi, sai a ga rami maimakon tsini, a 1.5 da 2 da 3. Aikin na'urar da masana ke ɗora wa madubin hangen nesa shi ne ta karɓi hasken da ya zo a cure ta tsefe shi sili-sili, kamar mai kitso, a ga wane sili ne ya yi kauri, wane ne ya ɓace.

Ina kallon katin sai wani abu ya faɗo mini. A Kwari in aka yi gardama kan yadi, auduga ne ko roba, ba dogon zance ake yi ba. Zare ɗaya ake zarowa daga gefe a kunna masa ashana. Auduga ta ci da warin takarda ta bar toka mai laushi. Roba ta nannaɗe ta zama ɗan baƙin dunƙule mai tauri. Hayaƙi da toka ba sa ƙarya. Na faɗa wa Kawu. Ya buga cinya ya ce da a ajinsa nake da na ci maki goma: rana ce ashanar, su kuma suna nesa suna karanta hayaƙin. Rabon da Kawu ya yabe ni tun ina firamare, don haka na karɓa hannu biyu.

Washegari gari ya waye tas. Na raka Inna kasuwar Farin Gada, na ga kabeji kamar kan mutum, ga karas da koren wake da dankalin Turawa buhu-buhu ana loda wa motocin Kudu da na Kano. Da hantsi Kawu ya sa aka zaga da ni wajen Rayfield da Bukuru in ga tafkunan kuza, ramukan da kamfanonin Turawa suka haƙa suka tafi suka bari, ruwa ya cika su, lumui, kore shar, kyakkyawa mai cin rai. Kuzar nan ce ta kawo kakanmu Jos yana saurayi, kamar dubban Hausawa irinsa. Kawu ya ce yana yaro ya sha ganin yadda ake wanke ta a kwano, ana juyawa ana zubar da yashi har baƙin nan mai nauyi ya kwanta a ƙasa. Bai ce komai ba bayan haka, ni ma ban tambaya ba.

Da la'asar sakaliya muka kama hanyar dutsen da ke bayan unguwarsu, ni da shi da jikar, da tsohon madubinsa na hangen nesa mai ido biyu wanda aka ɗaure gefensa da salatif. Ba nisa muka yi ba. Wanda ya san Jos ya san ba a kai dare a inda ba a san fuskarka ba. Kawu yana hawa yana haki yana magana, ya ƙi a riƙe shi.

Na tambaye shi me ya sa sai da hasken da ba a gani, alhali ga wanda ake gani. Ya ce an fi shekara ɗari ana tsefe wanda ake gani ɗin. A 1910, da tauraruwar Halley ta zo, da shi aka gano akwai wata iska mai guba a wutsiyarta, kuma lissafi ya nuna duniya za ta ratsa ta cikin wutsiyar a watan Mayu. Hankalin mutane ya tashi a Turai da Amurka, 'yan damfara suka fito da ƙwayar maganin tauraruwa suna sayarwa. Duniya ta ratsa, ko kaza ba ta yi tari ba. Na ce ashe 'yan kasuwar can ma ba su da dama. Matsalar hasken da ake gani, in ji shi, ita ce ɓaraguzai yake nunawa. Tururin yana fita hasken rana yake farfasa shi, sai ka ga guntaye, kana cankar daga me suka fito. Kamar a ba ka ƙyallayen da tela ya share ne a ce ka faɗi turmin atamfar. Hasken bayan ja kuwa turmin kansa yake nunawa, da tambarinsa, kafin almakashi ya taɓa shi.

To me ya hana tun da can? Ya nuna sama da sanda. Iskar duniyarmu cike take da tururin ruwa da kabon dayoksaid, su kuma suna haɗiye daidai hasken da ake nema. Kana neman ruwan wata duniya ta cikin labulen ruwan taka. Sai da aka ɗora madubi a cikin jirgin sama na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ya tashi sama da kilomita 12, ya bar yawancin tururin a ƙasansa, sannan a Disamban 1985 Michael Mumma da abokan aikinsa suka ga tsinayen ruwa a jikin Halley ƙuru-ƙuru. Shekara 35 bayan maganar Whipple ke nan. Sauran manyan madubai an kai su kan tsaunuka busassu. Na ce ai ga Jos. Ya yi dariya har ya tsaya ya dafa dutse: tsaunin Mauna Kea na Hawai, inda aka gano metan da etan a tauraruwar Hyakutake a 1996, mita 4,200 ne. Ko tsaunin Shere da muke taƙama da shi bai kai 2,000 ba. Mu in tururi ya tafi da damina, ƙurar hunturu ta karɓe shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin Rosetta, kumbon Turai da ya tashi a 2004, ya yi shekara goma a hanya, ya riski wata tauraruwa da ake kira 67P a 2014, ya yi shekara biyu yana bin ta gefe da gefe. Siffarta kamar agwagwa, faɗinta wajen kilomita huɗu. Kowa zai zaci fara ce sol. Ashe baƙa ce ƙirin kamar gawayi, kashi shida cikin ɗari kawai na hasken da ya sauka a kanta take mayarwa. Ƙanƙarar tana ciki, ɓawon ƙura da wani baƙin abu mai kama da kwalta ya rufe ta. Amma na'urar hasken bayan ja da ke jikin kumbon ta kama wani abu a wuyan agwagwar: duk sa'ad da wurin ya shiga inuwa, tururi ya taso daga ciki ya daskare a sama, siririn farin shimfiɗi, rana na fitowa ya ɓace. Tana juyawa sau ɗaya a awa goma sha biyu da 'yan mintoci, kullum haka. Raɓa ke nan, irin wadda na tarar a kan gilashin motar maƙwabcin Kawu da asuba, sai dai ita a can ba mai gogewa.

Muka yi magariba a kan dutsen, duwatsun har sun fara sanyi a goshi. Yamma ta yi ja, ta koma ruwan toka. Zara ta fito da haskenta. Wata kuma ya kusa cika, yana bayanmu yana ɓata mana duhu, Kawu yana ta yi masa tsaki. Muka duba, muka duba. Wuyana ya ƙage. Har na fara shirya maganar da zan ba shi haƙuri da ita.

"Kaka, ga ta can! Dama da Zara, sama kaɗan!"

Yarinyar ce. Na bi yatsanta ban ga komai ba, sai da Kawu ya ce kada in kalle ta kai tsaye, in ɗan kauce da ido. Sai ga ta. In faɗi gaskiya, da ni kaɗai ne da na wuce ta: ɗan ɗigo mai hazo, da wani farin layi da ya miƙe sama daga gare shi, kamar an ja alli a allo an shafe da hannu. A madubin Kawu ta fi fitowa, kan ya yi dunƙule, wutsiyar ta wuce iyakar gilashin. Wayata da na dafa a kan dutse ta ɗauko ta fiye da yadda idona ya gani, karo na biyu ke nan cikin kwana biyu da waya ta kunyata ni.

Kawu ya zauna, ya ce Halley ta 1986 ba ta yi masa komai ba, dusu-dusu ya gan ta. Hale-Bopp ta 1997 ce tauraruwa, wadda aka yi wata goma sha takwas ana ganinta da ido. Halley za ta dawo 2061. Ya dubi jikar ya yi lissafi da yatsu, ya ce tana da shekara 46 lokacin, in Allah Ya kai ta, ta riƙe madubin da kyau, salatif ɗin kawai za ta sauya.

Na ce to duk wahalar nan ta jirgi da tsauni da kumbo, a san ƙanƙarar wani dutse, ribar me? Ya ce ragowar kayan ginin ne. Shekara biliyan huɗu da rabi da suka wuce aka yi rana da duniyoyinta, abin da ya saura a can gefe ya daskare bai sauya ba. Kuma kowace ƙanƙara da sanyin da take buƙata: ta kabon monoksaid ba ta zama sai wajen digiri 250 ƙasa da sifili, ta kabon dayoksaid wajen 200, ta ruwa kuwa tana jurewa har tauraruwa ta matso kamar ninki uku na nisanmu da rana. In ka ga wadda ta yi yawa da wadda ta ɓace, ka san inda aka haifi tauraruwar da irin zafin da ta sha a hanya. Akwai kuma tambayar ko irinsu ne suka yi wa duniya dakon wani kaso na ruwan teku; ruwan wasu ya yi kama da namu, na wasu bai yi ba, masana suna ta ja-in-ja. Kafin ya gama, baƙuwar ta sauka cikin hazon da ke bakin gari. Ba ta yi mana awa ɗaya ba. Aka kira isha muna gangarowa da fitilar waya.

Ranar uku aka kai lefe, aka yaba, wata gwaggon amarya ta murza leshi ta ɗaga shi a rana, na ce a raina 'yar gari ce. Inna ta cika mini but da dankali da kabeji. Katin gayyatar nan mai tsinaye a baya Kawu ya cusa mini a aljihu, wai tunda ya lalace ni zan ci shi.

Yana cikin durowar shago har yanzu, tare da rasitai. Wajen ƙarshen Agustan 2025 ina tsaka da auna wa wata hajiya yadi sai ga saƙon murya daga Kawu a WhatsApp, minti bakwai cur. Wai an gano wata tauraruwa mai wutsiya a ranar 1 ga Yuli daga ƙasar Chile, 3I/ATLAS, ba 'yar gidanmu ba ce sam, daga wajen wata rana ta fito, ita ce baƙuwa ta uku irin wannan da aka taɓa gani. Madubin James Webb, da ke can kilomita miliyan ɗaya da rabi daga duniya inda ba labulen tururi, ya tsefe haskenta, sai aka ga kabon dayoksaid ya ninka ruwa kusan sau takwas. "Ɗauko katinka, ɗan Kwari," in ji muryar, "ka duba 4.3, ka ja tsinin nan har ya fita daga takardar."

Hajiya ta ce, "Alhaji, yadi biyar na ce fa, ka yanka shida."